Wa zai biya kuɗin abincin? A gama maganar kafin a zauna

A da, in dangi za su haɗu a Kano, gidan babba ake zuwa. Mata su ɗora tukwane tun safe, wannan ta taho da waina daga gidanta, waccan ta kawo zoɓo, maza su yi ciyayya a zaure. Ba wanda ya san nawa aka kashe, domin kuɗin ya ɓace a cikin cefanen gidaje biyar ko shida, wahalar mata kuwa dama ba a lissafa ta. Yanzu an samu ƙarin wata al'ada. Kwana biyu bayan Sallah, ko shan ruwa a tsakiyar azumi, ko yaro ya gama jami'a, ko Hajiya ta dawo daga Umara, sai a ce a haɗu a gidan abinci. Duk mai wucewa ta titin Gidan Zoo, Nasarawa, Bompai ko titin Gwarzo da daddare ya san teburan nan da ake jonawa uku-uku, yara na zagaye su da gudu. A can komai da farashinsa, kuma in an gama takarda ɗaya za a kawo, a ajiye ta gaban mutum ɗaya.

Ra'ayina shi ne maganar wanda zai biya a gama ta tun a gida, kwanaki kafin a fita. In mutum ɗaya ne ya gayyata, shi zai biya, kuma shi ke da ikon faɗin adadin mutane. In fitar ta kowa da kowa ce, a yi karo-karo tun da wuri a hannun mutum ɗaya, bisa yawan bakin da kowane gida ya kawo da kuma ƙarfin aljihunsa. Abin da bai kamata a yi ba shi ne a yi shiru har a cinye, sannan a fara kallon-kallo.

Shirun nan muna kiransa kara, amma a duba a ga wa yake faɗawa a kai. Kusan kowane gida yana da mutum ɗaya da aka ɗora wa tambarin "mai hali": ko babban yaya, ko wanda ke da shago a Kantin Kwari ko Singa, ko ma'aikacin banki, ko wanda ya zo hutu daga Abuja. Da an kawo takarda sai idanu su koma kansa. Wani ya laluba aljihu a hankali, wani ya tashi amsa waya, wani ya ce "Yaya, bari mu haɗa mana," da muryar da kowa ya san ba haɗawar za a yi ba. Shi kuma ya ce "Haba, bar shi kawai." Ya biya sau ɗaya, ya biya sau biyu. A na uku sai ka ji wai aiki ya riƙe shi, a na huɗu fitar ta mutu, ba kuma wanda zai faɗi abin da ya kashe ta. Mai shago a Kwari kuɗin da ke asusunsa ba lallai nasa ba ne, sau da yawa na masu kaya ne da zai biya ranar Asabar. Mai albashi kuwa, in fitar ta faɗo ranar 20 ga wata, a cikin kuɗin makarantar yara zai yanko.

Kuma zamanin da ake iya rufe ido a biya ya wuce. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin komai ya tashi, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100 a watan Yunin 2024. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta amince da shi a ƙarshen shekarar 2024 naira 71,000 ne. Teburin mutum ashirin a matsakaicin gidan abinci zai iya lashe ninki biyu na wannan a zama ɗaya. Wanda ya ce a bar mutum ɗaya da irin wannan nauyi saboda kunyar maganar kuɗi, kunyarsa ya saya da aljihun ɗan uwansa.

Masu cewa raba kuɗin abinci ɗabi'ar Turawa ce suna da 'yar gaskiya a wuri ɗaya. Mutum ya zaro waya a gaban surukai yana lissafin wa ya sha lemo biyu, wa ya ƙara cinyar kaza, wannan ba namu ba ne, kuma bai dace ba. Amma haɗa kuɗi tun kafin a ci namu ne tun kaka da kakanni. Watanda fa? Mutum goma su haɗa kuɗi su sayi sa gabanin Sallah, a yanka, a kasa, mai kaso biyu ya biya na biyu, mai rabin kaso ya biya na rabi, ba wanda ya taɓa cewa an zubar da mutunci. A addini ma akwai madogara. Bukhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ash'ariyawa, waɗanda in abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ke hannunsu wuri ɗaya su raba daidai a tsakaninsu. Sannan malaman fiƙihu sun daɗe suna gargaɗi a kan abin da aka karɓa daga hannun mutum don kunya ta hana shi cewa a'a, domin dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa. Yayan da ya biya yana murmushi, ya koma gida yana tsaki a mota, a tambayi kai ko da daɗin ransa aka ci.

To, yaya za a raba? A nan ne ake yawan kuskure, domin hanyar da ta fi sauƙi ita ce ta fi zalunci. A ɗauki misalin gida mai rassa biyar. Babban yaya ya zo da mata biyu da 'ya'ya shida, biyu manya, huɗu ƙanana, su tara ke nan. Mai bi masa ya zo da matarsa da ƙananan yara huɗu, su shida. Na uku sabon ango ne, shi da amaryarsa. Akwai 'yar uwarsu da mijinta ya rasu, da 'ya'yanta uku, ɗaya babba, biyu ƙanana. Sai Hajiya da autanta da ke karatu. Mutum 23. A ce abinci da abin sha sun kama naira 160,000, an ɗora harajin VAT 12,000 da kuɗin hidima 8,000, jimla 180,000.

In aka ce kowane gida ya kawo daidai, 36,000 ke nan a kan kowa. Mai baki tara ya biya 36,000, ango mai baki biyu ya biya 36,000, uwar marayu ma haka, wato rabin albashin ƙaramin ma'aikaci. In aka ce maza uku su raba, kowa 60,000, ango ya biya wa kansa da amaryarsa farantin 30,000 kowanne, alhali ko bashin lefe bai gama biya ba. Ba zai yi magana ba, amma amaryar za ta yi lissafin a hanya, kuma facaloli ba sa manta irin wannan.

Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce ta kaso. Babba kaso ɗaya, yaron da bai kai shekara goma ba rabin kaso. Gidan babban yaya kaso 7, na biyu kaso 4, ango kaso 2, uwar marayu kaso 3, Hajiya da auta kaso 2. Kaso 18, kowanne naira 10,000. Babban yaya 70,000, mai bi masa 40,000, ango 20,000. Saura 50,000 na waɗanda ba a karɓar kuɗinsu, wato uwa, marayu da ɗalibi, sai masu samu su ɗauka gwargwadon hali, misali 20,000, 20,000 da 10,000. Kowa ya san abin da ya biya da dalilinsa.

Sai dai lissafi ba ya ganin fuska. A gidaje da yawa mai tarin iyalin shi ne mai ƙaramin ƙarfi: babban yaya malamin firamare ne mai 'ya'ya takwas, ƙanensa kuwa ɗan kasuwa ne mai 'ya'ya biyu. In aka tsaya a kan kaso tsantsa, an kori yayan daga taron ba tare da an faɗa ba, ko ya zo shi kaɗai ya bar yara a gida. A irin wannan, mai hali ya ɗauki kason iyaye da marayu gaba ɗaya, in ya so ya rage wa yayansa wani abu, amma tsakaninsa da mai tara kuɗin, ba a cikin zauren WhatsApp na gida ba. Wannan ita ce kyautar da ake samun lada a kanta, domin shi ya zaɓa, ya san adadinta, ya kuma yi ta kafin a ci. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Akwai kuma waɗanda aka ɗauke wa amma suna so su sa hannu. Uwar marayu ta kawo 3,000 ta ce a ƙara, a karɓa a yi mata godiya. Mayar mata da shi yana nuna mata cewa ita abar tausayi ce a teburin gidan ubanta. Haka 'yan uwa mata masu aiki ko sana'a. Malamar asibiti ko mai sayar da atamfa da ta fi wasu yayyenta samu, ba dalilin da zai sa a ce kuɗinta ba ya shiga don ita mace ce, in dai ita ta kawo da kanta. Abin da ba a yi shi ne a yanka mata kaso a aika wa mijinta. Suruki baƙo ne a taron dangin matarsa. In an gayyace shi, an ɗauke masa. Kuma a lura da shi, domin kunyar surukuta takan sa ya zame ya je wurin kashiya ya biya duka, alhali bai shirya ba, ya dawo yana fara'ar dole. Maganin wannan shi ne a riga shi: a gaya wa kashiya tun farko cewa daga hannun mutum ɗaya kawai za ta karɓi kuɗin teburin nan.

Mutum ɗayan nan shi ne ginshiƙin abin, kuma bai kamata ya zama babban yaya ko mai kuɗin gidan ba. A samu matashi ko matashiya mai riƙon amana wanda ba ya jin nauyin tuna wa mutane, wanda zai iya kiran kawunsa ya ce "Kawu, gobe ne za mu kai musu kuɗin, na ce bari in tuna maka," ba tare da an ji haushi ba. Aikinsa yana farawa mako guda kafin ranar. Ya karɓi adadin mutanen kowane gida, har da direba da mai rainon yara, domin su ma za su ci, kuma rashin lissafa su ne ke sa a bar su a mota ko a tsakuro musu ragowa, abin da ba shi da kyan gani. Ya je gidan abincin da ƙafarsa, ya ga manaja, ya tambayi abu uku: farashin da ke takardar jerin abinci ya haɗa da haraji ko sai an ɗora, akwai kuɗin hidima kuma kashi nawa ne, sannan ana yarda a shigo da abin sha ko kek daga waje. Harajin VAT kashi 7.5 cikin 100 ne tun watan Fabrairun 2020, kuma wasu wuraren sun riga sun saka shi a cikin farashi, wasu sai a ƙasan takarda za ka gan shi. Kuɗin hidima ya danganta da wuri. Wanda ya yi lissafi da farashin jerin abinci kawai zai iya tarar da ƙarin kashi goma zuwa sama yana jiransa.

Daga nan a tsayar da abin da za a ci. Mutum 23 kowa ya zaɓi nasa, an shiga uku: abinci zai fito a rarrabe, na farko ya huce kafin na ƙarshe ya iso, ma'aikata biyu ko uku su rubuta oda ɗaya sau biyu, yaro ɗan shekara bakwai ya nuna gasasshen kifi mafi tsada ya ci loma uku ya ture. Gara a yi odar manyan tire: shinkafa kala biyu, kaza ko nama a ƙirge da yanka, tuwo da miya ga dattawan da ba sa son maiƙo, soyayyen dankali ga yara. Yara biyu ƙanana faranti ɗaya ya ishe su. Abin sha shi ne ɓarawon da ba a gani. Ruwan roba da lemon kwalba a gidan abinci sun fi na shago tsada nesa ba kusa ba, ga shi yara suna buɗewa su kurɓa su ajiye su buɗe wani. A ƙayyade, kowa ruwa ɗaya da abin sha ɗaya, ko a sayi zoɓo da kunun aya a manyan jug in wurin yana yi. In an samu jimla, a ɗora kashi goma na ko-ta-kwana, a raba kaso, a sa ranar rufe karɓa kwana biyu kafin fita, a kai wa gidan abincin rabi a matsayin kafin alƙalami, a karɓi rasit.

Abu biyu ne ke fasa wannan shiri ko da an yi shi da kyau. Na farko baƙin da ba a lissafa ba. Gwaggo ta taho da 'yar maƙociyarta da jikoki biyu, saurayin gidan ya jawo abokinsa. Ba za a kore su ba, kuɗin ko-ta-kwana na irin wannan ne, amma in abin ya wuce mutum biyu ko uku, wanda ya kawo su shi zai ɗauki kasonsu, a gaya masa daga baya cikin mutunci. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a addini: a hadisin Abu Shu'aibu, da wani ya biyo waɗanda aka gayyata, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai da ya sanar da mai gidan ya bar masa zaɓi. Na biyu shi ne tekawe. Ana gab da tashi sai ka ji "a sa wa Abban su Ummi a roba, bai samu zuwa ba," wata ta ce a ƙulla wa mai gadi, wata ta tuna da abokiyar zamanta. Roba shida ta fita, kowacce da cikakken farashi har da kuɗin robar. Ragowar tire a juye a raba, wannan hakkin kowa ne. Sabuwar oda kuwa ta mai yin ta ce, a takarda daban. Mai tara kuɗi ya gaya wa ma'aikacin da ke kula da teburin tun kafin a zauna cewa duk ƙarin da bai fito daga bakinsa ba, a rubuta wa wanda ya nema. Da mutane sun san haka, rabin ƙarin ba za a neme shi ba.

Wurin biya ma akwai tarko. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 kusan kowa ya koma tiransifa da POS, sai wasu suka ɗauka sauƙi ne kowa ya tura kasonsa kai-tsaye asusun gidan abincin. Kada a yi. Mutum biyar su tura, uku su shiga, biyu su maƙale, kashiya tana jiran alat, dangi na tsaye cirko-cirko a bakin ƙofa da yara masu jin barci. Ga kuɗin tura kowanne, ga naira 50 da ake cirewa a kan duk abin da ya kai 10,000. Biya ɗaya daga asusu ɗaya. Mai biyan ya duba iyakar abin da bankinsa ke bari ya fitar a rana tun kafin ya baro gida, ya riƙe kati na biyu ko wani asusun. In na'urar POS ta ce bai yi ba amma an cire kuɗi, ya karɓi 'yar takardar da ta fito ya adana, domin da ita zai bi hakkinsa a banki, kada ya sake saka katin sau uku a jere. Kuma ya tashi ya je kanta ya biya, ya karanta takardar layi-layi a can, ya gwada ta da odar da aka yi. Kuskuren lissafi a babban teburi abu ne da ke faruwa ko ba da mugun nufi ba, amma ba a gaban Hajiya da surukai ake warware shi ba.

Mafi munin tsari shi ne "ka biya, ma turo maka." Bashi ne da ba shi da rana, ba shi da shaida, kuma mai bin sa ba zai iya tambaya ba. Wa zai kira yayarsa a kan 15,000 na shinkafar da aka cinye makon jiya? Biyu za su turo a daren, ɗaya bayan mako, sauran shiru, shi kuma ya riƙe abin a ransa har ya fito a wata rigimar da ba ta da alaƙa da abinci, wataƙila ranar rabon gado. In ta kama dole wani ya cike giɓi a wurin, a faɗi adadin da ranar mayarwa a take, mai tara kuɗi ya rubuta, shi zai bi, ba wanda ya ranta ba.

Wasu gidajen karɓa-karɓa suke yi, bana wannan ya ɗauka, baɗi wancan. Yana tafiya in 'yan uwan ƙarfinsu ya yi kusa da juna. In bai yi ba, gasa ce ke shigowa: wanda ya kai mutane babban wuri a Nasarawa ya ɗaure wanda ke biye da shi, shi kuma ko ya ci bashi ko ya ji kunya. Ga farashi ba ya tsayawa, abin da ya ciyar da mutum ashirin bara ba zai ciyar da su bana ba. Gidajen da ke da asusun zumunci na wata-wata sun fi samun sauƙi, muddin an amince tun farko cewa ana iya taɓa shi don cin abinci, domin akasari an kafa shi ne don rashin lafiya, haihuwa da rasuwa. In ba a amince ba, a bar shi inda yake.

Washegari mai tara kuɗi ya sa hoton rasit a zauren gida, ya faɗi abin da aka tara, abin da aka kashe da abin da ya rage. Jimla kawai. Jerin sunaye da adadin da kowa ya bayar ba shi da amfani sai tona asirin mai ƙaramin ƙarfi, jerin waɗanda ba su biya ba kuwa ya fi shi muni, a bi su ta waya ɗaya bayan ɗaya. Canjin da ya rage a tambayi masu shi, ko a mayar musu gwargwadon kasonsu, ko a ajiye shi ya zama kuɗin ko-ta-kwana na fita ta gaba. In kuma an yi lissafin tun farko aka ga kaso ya fi ƙarfin rabin gidan, ba dole sai gidan abinci ba: kuɗin da zai biya wa mutum goma a can zai sayi kaji da shinkafa a kasuwa, a ɗauko mai girki a biya ta, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gidan Hajiya, mutum talatin su ci, matan gidan ma su zauna a ci da su.